Yadda ake auna mugu a gasar rubutu: abin da marubutan Agye, Gazawa da Gidan Rumji za su iya ɗauka daga teburin wasan Amurka

Duk wanda ya taɓa zama kallon wasan kwaikwayo a dandali, ko a gidan matasa na MJC, ko a bikin ƙarshen shekara na lakwal, ya san lokacin da jama'a ke yin tsit. Galibi lokacin da mugun ya shigo fili ne. Shi ake yi wa ihu, shi tsofaffi ke tsine wa, kuma sunansa ne yara ke tafiya da shi gida. Duk da haka idan aka zo raba maki a gasa, alƙalai sun fi duba darasin da wasan ya koyar, da kyan Hausar, da tufafin ƴan wasa. Mugun kuwa sai a bar shi yadda ya zo: baƙin tabarau, dariyar ƙeta, da tuba a minti biyar na ƙarshe.

A Amurka an yi wata gasar rubutu da ta ware zagaye guda sukutum domin mugu kaɗai. Marubuci zai ƙago shi, ya bayyana shi cikin ƴan ɗaruruwan kalmomi, alƙalai su yi masa filla-filla a bainar jama'a. Gasar ta wani irin wasa ce da bai yaɗu ba a garuruwanmu, amma ma'aunin da aka yi amfani da shi ya shafi mai rubuta wasan radiyo a Gazawa kamar yadda ya shafi mai tsara wasa a birnin Seattle.

Wasan da ba a rubuta ƙarshensa ba

Masu Faransanci na kiransa jeu de rôle. Da Hausa za a iya cewa wasan kwaikwayon tebur. Mutum huɗu ko biyar ne ke zama kewaye da tebur, kowa ya ɗauki matsayin wani gwarzo a cikin labari: wannan mayaƙi, wancan maharbi, waccan mai magani. Mutum guda shi ne jagoran wasa. Shi ke faɗin yadda gari yake, shi ke magana da bakin sarki da ɗan kasuwa da ɓarawo, shi ke riƙe da sirrin abin da ke ɓoye. Sauran su faɗi abin da suke so gwanayensu su yi. In abin mai haɗari ne, kamar haura katanga ko yaudarar dogari, sai a jefa ƙwaya irin ta lido, lambar da ta fito ta yanke ko an yi nasara. Ƙwayar da aka fi sani a wasan tana da fuska 20.

Mafi shahara cikin irin waɗannan wasanni shi ne Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a 1974. Bambancinsa da tatsuniya ɗaya ne, amma babba ne. Mai tatsuniya ya san inda Gizo zai ƙare tun kafin ya buɗe baki, masu sauraro nasu ji ne. A nan kuwa masu sauraron su ne ƴan wasan, kuma suna iya juya labarin ya bi hanyar da jagoran bai taɓa zato ba. Suna iya ƙin shiga dajin da aka shirya musu. Suna iya sasantawa da wanda aka so su yaƙa.

Shiga rigar wani ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. A wasan kara na Damagaram, talaka ne ke zama gwamna ko minista na yini guda, da tafiyarsa da maganarsa. A kalankuwa samari na naɗa wa juna sarauta bayan kaka, a tashe yara na kwaikwayon halayen manya cikin watan azumi, a wasan gauta matan fada ke kwaikwayon sarki da fadawansa. Abin da Amurkawa suka ƙara shi ne littafin dokoki, da ƙwayar da ake jefawa, da kuma kasuwa: akwai kamfanoni da ke biyan marubuta su tsara labaran da jagorori za su saya su buga a gidajensu.

Ɗaya daga cikin kamfanonin, Paizo, mai wasan Pathfinder, shi ya buɗe gasar RPG Superstar a ƙarshen 2007 domin neman sababbin marubuta. A zagayen farko kowa na iya shiga, ya ƙago wani kayan tsafi na cikin labari, alƙalai su tace ba tare da sun ga sunan mai shi ba, su fitar da mutum 32. Daga nan jama'a ke jefa ƙuri'a bayan sun karanta sharhin alƙalai, ana ragewa zagaye bayan zagaye. Alƙalan karon farko su ne Wolfgang Baur da Erik Mona da Clark Peterson, wanda lauya ne da ya yi aikin gabatar da ƙara, wato mutumin da ya saba ganin mugaye na gaske. Christine Schneider, ƴar Jamus, ita ta ci gasar 2008, Neil Spicer ya ci ta 2009. Ladan shi ne kwangilar rubuta littafin wasa da kamfanin zai buga. A gasar 2009 mugun ya cinye zagaye uku: na farko a bayyana ko shi wane ne, na biyu a fitar da lissafin ƙarfinsa bisa dokokin wasa, na uku a zana maɓoyarsa.

Dodo daban, mugu daban

Tambayar farko da ake yi wa irin wannan rubutu ita ce ko abin da aka kawo mugu ne ko kuwa dodo ne kawai. Marubuta da dama a nan suke faɗuwa, domin sun ɗauka yawan ban tsoro shi ne mugunta.

Macijin rijiyar Kusugu a labarin Bayajida abin tsoro ne. Ya hana mutanen Daura ɗibar ruwa sai ranar Juma'a. Amma yana cikin rijiyarsa, ba ya aika kowa, ba ya shirya komai don gobe. Baƙo ya zo da takobi, ya sare kansa, magana ta ƙare a dare ɗaya. Haka kurar tatsuniya take: kwaɗayi gare ta da ƙarfi, sai dai duk wanda ya fi ta wayo ya gama da ita. Irin waɗannan shinge ne a kan hanyar gwarzo. A teburin wasa ba sa wuce zama ɗaya.

A kwatanta su da Wazirin da ke cikin Magana Jari Ce na Abubakar Imam. Yana da abin da yake so, wato gadon sarauta. Yana da wanda ya tare masa hanya, Musa ɗan Sarki Abdurrahman. Yana da dabara, yana da abokin ƙulli a wajen ƙasa, kuma yana zaune cikin fada ana gaishe shi. Mafi muhimmanci, ƙullinsa na tafiya ko da kowa ya yi barci. Shi ya sa akun ke tsare Musa da labari dare bayan dare, domin in yaron ya fita, tarko na jiransa. Duk labaran littafin farko a kan wannan barazana suke rataye. Wannan shi ne abin da alƙalan wasan tebur ke nema: mugun da ke motsi da kansa. Gwajin mai sauƙi ne. A tambayi marubucin me mugunsa zai yi a mako mai zuwa in babu wanda ya tsoma baki. In ba shi da amsa, dodo ya rubuta.

A ɗauki misali daga abin da kowa ya sani a yankin nan. A ce marubuciya daga Agye ta kawo wa gasa wani attajirin ƙauye da ke ba da hatsi bashi a tsakiyar damina, lokacin da rumbuna suka ƙare, irin bashin nan da ake kira a ci ba daɗi. Tiya ɗaya yanzu, a biya da ninki in an yi girbi. In ta tsaya a nan, ta ce azzalumi ne mai son kuɗi, alƙali zai ba ta maki kaɗan, domin hali ta faɗa, ba ta nuna aiki ba. Amma a ce ta ci gaba. Mutumin na son wata gona ce ta bakin fadama wadda magada uku suke riƙe da ita. Ya riga ya sa biyu cikin bashi. Na ukun ya ƙi karɓa saboda yana samun hatsi da rahusa a bankin cimaka na garin. Don haka attajirin ya fara zuga cewa ma'ajin bankin na cin kuɗin jama'a, ya sa yaronsa ya tsaya takarar kwamitin, kuma yana so a yi zaɓen kafin kaka. Yanzu akwai buri, akwai matakai, akwai wa'adi. Akwai kuma mutanen da ƴan wasa za su ci karo da su kafin su kai gare shi: yaron, da ma'ajin da aka ɓata wa suna, da magadan nan biyu da kunya ta hana su magana.

Sai tambaya ta biyu, wadda ta fi wuya ga wanda ya saba rubuta littafi: ta ina za a iya kama shi? Marubucin littafi ƙofa ɗaya yake buƙata, domin shi ke tura gwarzonsa ta cikinta. Mai tsara wasan tebur sai ya bar ƙofofi da yawa, tunda bai san wadda ƴan wasa za su zaɓa ba. Wasu za su nemi littafin lissafin bankin su wanke ma'ajin. Wasu za su je wajen mai gari ko liman. Wasu za su haɗa kuɗi su biya bashin magadan, wasu su jawo yaron attajirin ya tona asiri. Mugun da ba a iya kayar da shi sai ta hanya guda, da wani sirri guda da marubucin ya ɓoye a aljihunsa, yana gajiyar da mutane. Wanda kuma ba a iya taɓa shi kwata-kwata ya fi muni, domin ya mai da ƴan wasa ƴan kallo. Masu kokowa sun san wannan: ba a cika fili don ganin karon da aka san ƙarshensa tun kafin a kaɗa ganga.

Ƙungiyoyin da ke wasan faɗakarwa a ƙauyuka da salon Augusto Boal, ɗan ƙasar Brazil, inda ake tsayar da wasa a kira ɗan kallo ya shigo ya gwada tasa dabarar, sun san wannan matsala a aikace. In mai taka rawar azzalumin ya sallama da zarar an ɗaga masa murya, jama'a ba su koyi komai ba. In ya kafe ba ya motsi ko me aka kawo, sai su watse da tunanin cewa babu mafita.

Akwai kuma batun dawowa. A Ruwan Bagaja, abin da ke riƙe mai karatu shi ne Malam Zurƙe ɗan Muhamman, wanda Alhaji Imam ke cin karo da shi gari bayan gari, yau wannan ya yi wa wancan, gobe a rama. Da ya ɓace a haɗuwar farko, da rabin daɗin littafin ya tafi. A wasan tebur ana ba da maki ga marubucin da ya tanadar wa mugunsa hanyar tsira mai ma'ana, ko magaji, ko wani bashi da zai sa a sake nemansa. Misalin da masu wasan ke yawan kawowa shi ne Strahd, mai shan jinin nan na littafin Ravenloft da Tracy da Laura Hickman suka rubuta a 1983. An tsara shi yadda ana jan karta a farkon wasa don a san abin da yake nema a wannan karon da inda aka ɓoye makaman da za su kashe shi. Ko mutum ya taɓa buga wasan, bai san da me zai tarar ba.

Dalilin mugun ma ana auna shi, amma a nan marubuta kan wuce gona da iri. Wasu sukan cika shafi da tarihin yarintarsa, maraicinsa da wulaƙancin da ya sha, alhali babu ta inda ƴan wasa za su san wannan ko su yi amfani da shi. Tarihin da ke da amfani shi ne wanda ke canza abin da za a yi. Jiki Magayi, na John Tafida da Rupert East, ya nuna yadda ake yi. Malam Shehu ya yi amfani da dukiyarsa ya auri Zainab, wadda Abubakar ke so. Abubakar ya tafi neman asirin ramuwa, ramuwar kuma ta faɗa kan Kyauta, yaron da bai san hawa ba bai san sauka ba. Mai karatu ya fara da tausayin Abubakar, ya ƙare yana tsoronsa. Littafin na cikin waɗanda suka fito daga yunƙurin gasar da East ya shirya a Zariya a 1933, wadda ta ba mu Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi. Wato tun gasar farko ta ƙagaggun labaran Hausa, mugun da aka gina da kyau yana cikin abin da ya raya littattafan.

Rigar da ake sa masa

A nan ne maganar ta daina zama ta nishaɗi kawai. Hanya mafi arha ta nuna wa ƴan kallo cewa ga mugu ita ce a sa masa rigar wata ƙabila, ko karin harshenta, ko sana'arta. Ba a buƙatar bayani, jama'a za su gane, kuma za su yi dariya. Tatsuniyoyi da barkwancin Hausa cike suke da wannan: Bafillatani, Bamaguje, Bagwari, Buzu, kowa da halin da aka liƙa masa. Tsakanin abokan wasa, inda kowa na da damar ramawa, abin na iya zama zumunci. A kan dandali, inda gefe ɗaya ne ke riƙe da lasifika, wani abu ne daban.

Masu wasan tebur sun yi wannan muhawara a tsakaninsu. Shekaru da dama dokokin Dungeons & Dragons na bayyana wasu jinsunan halittu na cikin labari a matsayin mugaye tun daga haihuwa. A 2020 kamfanin Wizards of the Coast, mai wasan a yanzu, ya sanar cewa zai sauya wannan, ya kuma gyara yadda aka siffanta wasu matafiya da ake kira Vistani a labarin Strahd, saboda siffar ta yi kama da ƙazafin da aka daɗe ana yi wa al'ummar Roma a Turai. Wasu masu wasan sun ce an cika tsanani, tunda halittun ƙage ne. Ta fuskar sana'ar rubutu kuwa hujjar gyaran a fili take: wanda aka haifa mugu ba shi da zaɓi, wanda ba shi da zaɓi kuma ba shi da dabara, ya koma dodo.

A gundumar Gidan Rumji ba sai an je Turai neman misali ba. A 1991, a garin Toda, rikicin manoma da makiyaya ya ci rayukan mutum fiye da 100, akasarinsu mata da yara Fulani. Tun daga 2019 kuma dubban mutane suka tsallako daga jihohin Sakkwato da Zamfara da Katsina suna gudun ƴan bindiga, aka tsugunar da wasu a Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori. Satar shanu da satar mutane don kuɗin fansa sun shigo ƙauyukan bakin iyaka. Ba makawa matasan yankin za su rubuta wasanni a kan wannan, kuma ya kamata su rubuta. Tambayar da ke gaban alƙalin gasa ita ce me aka nuna a matsayin tushen muguntar. In wasa ya shigo da mutum da sanda da malfa da gurɓatacciyar Hausa, ya bar kayan jikinsa su yi bayanin laifinsa, to ya tuhumi duk mai irin wannan shiga da ke zaune cikin ƴan kallo, har da wanda shi ma an kore masa garke. Kuma rubutu ne mai rauni, domin bai bayyana yadda abin ke aiki ba.

Wasan da ya fi ƙarfi shi ne wanda ya bi sarƙar. Wa ya gaya wa ƴan bindiga cewa wane ya sayar da ayarsa a kasuwa jiya? Wa ke kai musu mai da burodi da katin waya? A wace kasuwa shanun sata ke komawa na halal? Mai ba da labarin nan, wanda ake kira infoma, yana cikin gari, yana zuwa ɗaurin aure, yana cikin masu zuwa jaje. Ta ma'aunin wasan tebur ya fi mai bindigar daraja nesa ba kusa ba: yana da abin ɓoyewa, yana da abin rasawa, ana iya gano shi ta hanyoyi da yawa, kuma gano shin na jawo wata tambayar, wato a miƙa shi ga jandarma ko a bar fushin gari ya yi aiki. Akwai ma hatsarin a zargi wanda bai ji ba bai gani ba, abin da marubuci mai hankali zai saka cikin wasan.

Ɗaya gefen hatsarin shi ne mugun ya yi kyau fiye da kima. Mugu mai kwarjini na jan jama'a, shi ya sa masu kallon finafinan Kano ba sa manta fitowar Shu'aibu Lawan Kumurci a matsayin bos. Amma a lokacin da bidiyon manyan ƴan bindiga ke yawo a Facebook da TikTok, suna baje kuɗi da makamai, wasan da ya nuna ɗan bindiga da babur da budurwa da kirari, bai nuna gonar da aka bari ba a nome ba ko gidan da aka sayar don biyan fansa, ya zama talla. Alƙali na iya duba abu guda: wanda aka cuta yana da suna da murya a cikin wasan, ko kuwa gawa ce kawai da aka jefar don a nuna ƙarfin mugun?

Tarihi ma na da nasa tarkon. A littattafan da aka rubuta daga ɓangaren Sakkwato, Sarkin Gobir Yunfa shi ne wanda ya tsananta wa Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo har aka yi hijira a 1804. A Tsibiri, cikin gundumar Gidan Rumji, inda sarautar Gobir ta sake kafuwa bayan faɗuwar Alƙalawa, kakan gida ne. Haka Katsinawan Maradi ke da nasu labarin jihadin. Alƙalin da ya zo daga wani gari ya kamata ya san a gaban wa ake wasan. Akwai kuma waɗanda babu gardama a kansu, kamar Voulet da Chanoine, hafsoshin Faransa da suka ratsa ƙasar nan a 1899 suna ƙone garuruwa, har Voulet ya sa aka harbe Kanar Klobb a Dankori ranar 14 ga Yuli, kafin sojojinsu su kashe su kwanaki kaɗan bayan haka a yankin Maijirgi, kusa da Tasawa. Abdoulaye Mamani ya saka su a littafinsa Sarraounia na 1980, Med Hondo ya mai da shi fim a 1986. Ko a nan, abin da ke ba da tsoro a labarin ya wuce mutum biyu. Akwai gwamnatin da ta aiko su, da tafintoci, da ɗaruruwan sojoji baƙar fata da suka bi umarni watanni kafin su juya.

Abin da ya rage ga masu shirya gasa

A zamanin Seyni Kountché, bikin matasa na ƙasa ya sa ƙungiyoyin samariya na jahohi suna karawa da juna a wasan kwaikwayo, kuma a wannan zamanin ne sunan Yazi Dogo da ƙungiyarsa ta Damagaram ya cika ƙasa ta telebijin. Waɗannan wasanni sun iya fitar da ɗan kasuwa mai haɗama da ma'aikaci mai cin hanci yadda kowa zai ce ya san irinsa. Tun 2016 sashen Hausa na BBC ke shirya gasar Hikayata ta gajerun labarai. A watan Maris na 2025 kuma kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar. Duk mai niyyar shirya gasar rubutun Hausa a komin ko a lakwal yana da abin koyi a gida da waje.

Daga tsarin Paizo abu biyu sun cancanci aro. Ɓoye sunan marubuci a zagayen farko na rage maganar ɗan wane ne. Bayyana dalilin alƙalai a fili kuma na mai da gasar makaranta, domin wanda ya faɗi ya san inda ya faɗi, wanda bai shiga ba ma ya ƙaru. Ƙuri'ar jama'a ita ce abin taka-tsantsan. A ƙaramin gari, inda kowa ya san ɗan unguwarsu, tana iya komawa ƙidayar dangi, don haka gara a bar mata kaso kaɗan na makin.

Gwajin da ya fi kowane arha ba ya buƙatar littafin dokoki ko ƙwaya mai fuska 20. A shimfiɗa tabarma, marubucin ya zauna a matsayin mugunsa, matasa huɗu su zama mutanen gari, a ba su rabin awa su nemi hanyar hana shi abin da yake so. Ɗaya daga cikinsu zai kawo dabarar da ba ta cikin takarda, misali ya ce zai kai maganar gidan radiyon gari, ko zai auri ƴar attajirin. Alƙalai su zuba ido su ga ko marubucin ya san abin da mutuminsa zai yi, ko kuwa zai tsaya yana juya takardunsa.